Fita da kare bayan garin Zariya ba tare da an yi rigima ba

Karena Dogo in ya kwana bakwai a ɗaure, sai ya fara tona gindin mangwaron tsakar gida yana haushin iska. Shi ya sa ranar Asabar nake fita da shi, galibi wajen Dutsen Kufena ta Wusasa, wani lokaci bakin Kogin Galma.

Kafin ka sa ƙafa waje, a yi masa allurar haukan kare. Ana farawa yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ni asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru nake kai shi, katin kuma yana aljihuna kullum. In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu kamar minti 15, a wuce asibiti.

Lokacin da ya fi shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu, an riga an kwashe dawa da masara. Da damina ko'ina shuka ce, ciyawa ta rufe hanya, ga macizai. Ka fita bayan sallar asuba, ka juyo da hantsi. Dutsen nan in rana ta ɗaga gasa ƙafa yake. Ɗora bayan hannunka a kai, in ba ka iya jurewa to shi ma ba zai iya ba. Ka kuma tambayi mutanen unguwar yadda tsaro yake a satin, kada ka yi nisa da inda ake jin motsin jama'a.

Masu Keke Napep da yawa ba sa ɗaukar kare. Sai dai ka yi shata, ka faɗa wa mai keken tun farko, ka shimfiɗa buhu a ƙasa.

Dajin ba ya ba ni wahala kamar sha'anin mutane. Wata Asabar na ga fili fetal, na kwance masa igiya. Ashe akwai zabi a bayan wata bukka. Kafin in ce "Dogo!" ya riga ya cafke guda. Wani dattijo ya fito da fartanya a kafaɗa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, kai ne mai karen nan?"

"Ni ne, Baba. A yi haƙuri, laifina ne."

"Haƙuri ai an yi. Zabon fa?"

Na biya, ya kuma ƙara mini da faɗa, wanda na ci abina. Tun ranar nake tafiya da igiya mai tsawo, ba na sakinsa sai na hau dutse na leƙa ko'ina ba akuya, ba kaji. In ka hango garken Fulani, ja shi jikinka ka kauce tun daga nesa, saniya mai ɗan maraƙi ba ta wasa. Haka ayarin mafarauta da rani, karnukansu taron dangi suke yi wa baƙo. Duk wanda ka tarar a gona ka yi masa sannu da aiki, ka nemi izinin wucewa.

Ɗauki jarkar ruwa da kwanonsa na kansa. Kada ya sa baki a butar wani ko ƙwaryarsa, ka san hukuncin wanki bakwai, kuma mutane ba sa son kare ya raɓi tufafin sallarsu. Ruwan lambun tumatir a fadamar Galma ma na hana shi sha, saboda maganin feshi.

Da mun dawo nakan zaunar da shi a zaure in bi tsakanin yatsunsa in cire ƙarangiya, sannan in duba cikin kunne da hammata. Can kaska take maƙalewa. Hantsaki nake sawa in kama ta dab da fata, in ja a hankali kada kan ya tsinke a ciki, in jefa ta a gwangwanin kananzir.