Yadda zaka gane tsohuwar rahoniyar tama in ka shiga ƙauye

Mu nan Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, kullum cikin ƙarfe muke, amma ka tambayi yaro a gareji ina kakanni suka samu ƙarfen fartanya kafin sifirin mota ya zo sai ya tsaya yana kallonka. Kakana maƙeri ne, a bakinshi na fara jin kalmar rahoniya, wato tukunyar laka doguwa kamar rumbu da ake dafa tama, dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinshi, a ciki da gawayi. To ga yadda ake nemo kufanta.

Da rani zaka je, Disamba zuwa Fabrairu, bayan an ƙone daji. Da damina ciyawa ta rufe komai, maciji kawai zaka tarar. A Ghana an san Akpafu kusa da Hohoe da wannan sana'a, haka ma yankin Lawra can arewa, in kuma kana da kuɗin mota ka ƙetara Bassar a Togo. In ka sauka ka fara zuwa gidan sarki da ɗan abin gaisuwa, dan Allah kar ka faɗa gonar mutane da waya a hannu kamar ɗan sabiya, ka nemi dattijo ya raka ka.

Kar ka ɗaga kai kana neman gini a tsaye, yawanci sun rushe. Ƙasa zaka duba, kashin ƙarfe kake nema, wato dattin da ke saura in an dafa tama. Baƙi ne, da nauyi, jikinshi da ƴan ramuka, wani wajen ya daskare kamar kyandir da ya zuba ya bushe. Dalili kuwa wutar rahoniya wajen digiri 1,200 take kaiwa, shi kuma ƙarfe sai ya wuce 1,500 yake narkewa, saboda haka dattin dutsen ne ke zama ruwa ya gangaro, ƙarfen ya dunƙule a ciki kamar soso, sai an fasa gindi an jawo curin an kai maƙera an yi ta dukanshi da masaba kafin ya zama abin kirki. Shi yasa kashin ke taruwa tsibi tsibi, wani har ka ɗauka tudu ne Allah ya yi.

Ni karon farko marmara na cika leda da ita ina murna, tsohon da ya raka ni ya karɓi ɗaya ya juya ta ya ce ɗana wannan ai da ita ake cika hanya. Marmara ja ce kuma tana marmashewa, kashi baya haka.

In ka samu kashin sai ka duba kewaye ko akwai guntayen bututun laka, ta nan iska ke shiga, bakin da ya sha wuta zaka ga ya yi sheƙi kamar kwalba. Wasu da zugazugi ake hura su, dogayen irin na Bassar kuwa da kansu suke jan iska. Ka tambayi tsoffi wane icce ake gawayin, mu dai maƙeran Hausa ƙirya muka sani, ka kuma tambayi yaushe aka daina, kusan ko'ina zancen ɗaya ne, ƙarfen Turawa da bola sun zo da araha.

Hoto zaka ɗauka, ka ajiye biro ko sule kusa dan a gane girma, ka yi rikodin maganar dattijon. Banda tono wlh. Da gawayin da ke ƙasan nan masana ke auna shekaru, ta haka aka gane ta Douroula a Burkina tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa take, har UNESCO ta sa tsoffin wuraren dafa tama na Burkina a lissafinta na kayan tarihin duniya a 2019. In wajen babba ne ka sanar da Ghana Museums and Monuments Board, suna da ofis a nan Kumasi.