Yadda ake mayar da tsohon kulob wurin aikin haɗaka ba tare da an ɓata shi ba

Kulob a nan shi ne ginin da membobi ke taruwa don cin abinci, karatu da hira, wurin aikin haɗaka kuma ofis ne da mutane daban-daban ke aiki a cikinsa tare. Kafin ka buga ko da ƙusa ɗaya, fara da sanin matsayin ginin a gaban doka. A Ingila, ginin da ke cikin jerin gine-ginen tarihi ba a sauya fasalin cikinsa sai da izinin hukuma, ko da matakala ce. Sannan a kira masana su gwada bango da silin. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, kuma sai a 1999 Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya, wato wani kayan gini mai jure wuta wanda ƙurarsa ke cutar da huhu. In aka kankare ba gwaji, leburori ne za su shaƙi ƙurar.

Daga nan ka zaga ɗakunan a tsanake, domin wanda ya gina kulob ya riga ya yi maka rabin aiki. Ɗakin karatu dama don shiru aka yi shi, to bar shi ga masu aikin natsuwa. Zauren cin abinci ya ɗauki dogayen tebura. Inda ake shan abin sha a da ya zama wurin shayi da hira, ƙananan ɗakunan wasan kati kuma su koma na taro. Ni dai ina jin takaicin ganin an rushe bangon da ya haura shekara 100 don kawai a samu fili.

Wahalar tana wajen intanet da jan wayoyi. Bango mai kauri yana danne siginar intanet, saboda haka kowane babban ɗaki na buƙatar tasa na'urar rarraba intanet. A bi da wayoyi ta ƙarƙashin katakon daɓe ko ta tsofaffin hanyoyin bututu, kada a fasa adon bango. Duk abin da za ka ƙara, kamar rumfar amsa waya, ya tsaya da ƙafarsa yadda za a ɗauke shi gobe ba tabo.

Fitilun ado na rataye a bar su, amma ba su isa aiki ba. Saman tebur na son haske kimanin lux 500 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), don haka a ba kowane mutum fitilarsa. Dogon silin kuma yana amsa kuwwa. Darduma da labule masu nauyi kan shanye ta.

Tsofaffin kujerun fata kuwa a kai su falo. Wanda zai wuni gaban kwamfuta, a saya masa kujerar da ke tallafe baya.