Yadda za ki raya fulawar fan a inuwar gidanki a nan Zariya

Fan ita ce fulawan nan mai dogayen ganye kamar gashin tsuntsu da kike gani wajen masu saida fulawa a bakin titi, ba ta fure ba ta 'ya'ya, ganyen nan shi ne duk kyanta. Mutane da yawa sun saya ta mutu musu suka ce ai ba ta yi a ƙasarmu, wlh tana yi, wuri ne kawai ba a zaɓa mata ba.

Abu biyu ne ke kashe ta a Zariya, ranar la'asar da busasshiyar iskar hunturu. Ki samu gindin mangwaro ko lungun da katanga ta tare, inda hasken safe zai ɗan taɓa ta amma rana in ta take ba ta kai mata, kuma ki tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, so kar ki aje ta a bakin hanyar iskar. In akwai rijiya ko wajen randa a inuwa to kin huta, danshin wajen take so. Banda ruwan wanki dai, omo yana ƙona saiwa.

Jar ƙasar nan tamu in ta bushe tauri take yi, saiwar fan kuma sirara ce ba ta iya ratsa ta. Ki haɗa ruɓaɓɓen ganye kashi 2, yashi kashi 1, da ɗan takin shanu wanda ya daɗe ya mutu. Ɗanyen kashin kaji kam a'a. Tukunyar ƙasa mai huji a gindi ta fi roba, kuma kar ki binne tsakiyar inda sabbin ganye ke fitowa, ki bar shi daidai saman ƙasa.

Ban ruwa kuwa yatsa ne ma'auni, ki tsoma in da laima ki bari, in ya fara bushewa ki zuba. Da damina kusan ba ruwanki sai dai ki duba kar ruwa ya kwanta. Daga Nuwamba har zafin Maris da Afrilu nan ne aikin yake, ki tara tukwanen waje ɗaya, ki ɗora su kan faranti mai tsakuwa da ruwa a ƙasa, da safe ki yayyafa wa ganyen ruwa ki wanke ƙura. Bakin ganye zai ɗan ƙone duk da haka, ki sa almakashi ki yanke wanda ya bushe tun daga tushe.

Wani abu da ke tsorata mutane, in kin juya bayan ganye kika ga ɗigo ɗigo ruwan ƙasa a jere reras, ba cuta ba ce, irinta ne da take yaɗuwa da shi, dan Allah kar ki fesa magani. Amma mu a gida raba tushe ya fi sauƙi, wajen Yuni in ruwa ya zauna ki zazzago ta, ki raba da wuƙa kowane ɓangare da saiwarsa da ganye, ki dasa. In kin ga sabon toho ya fito a nannaɗe yana warwarewa a hankali, ta kama.