Darasi na 9: Hoton Dutsen Ma'adini da Rubuta Sunansa Daidai

Yanzu cinikin ma'adinai ya koma waya. Mai haƙa yana bakin rami a Anka ko Bukuru, dillali yana Kano, sai a ce "turo hoto mu gani". Hoto kuwa launi da siffa kawai yake nunawa. Ba ya faɗin nauyi, ba ya faɗin tauri, kuma da su ake gane dutse. Don haka sai an gwada dutse a hannu kafin a sa masa suna.

Gwaji kafin suna

Mu fara da wanda ya fi ruɗar mutane. Akwai wani dutse mai ruwan zinare da sheƙi, masana suna kiransa fayirait. A hoto ya kan fi zinare kyau. Amma ku ɗauki wuƙa ku karce shi. Zinare yana da laushi, bakin wuƙa zai shiga, in kuma aka buga shi da guduma zai baje ne kamar an danna alewa. Fayirait ba ya karɓar wuƙa, guduma kuma tana farfasa shi ya zama gari.

Sai gwajin zane. Ku sami fasasshen tayil, ku juya bayansa inda babu santsi, ku goga dutsen a kai. Zinare zai bar layi rawaya. Fayirait zai bar layi baƙi mai ɗan kore-kore. Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, kuma ni a ganina duk mai wannan sana'a ya kamata ya riƙa yawo da guntun tayil a aljihu. Ku kuma jinjina su a tafin hannu. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, fayirait kuwa sau 5 kawai.

Masana suna auna tauri da lamba daga 1 zuwa 10, bisa ma'aunin da wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812. Lu'ulu'un daiman ne 10. Farcen mutum kusan 2.5 ne, bakin wuƙa kusan 5.5. Zinare yana tsakanin 2.5 da 3, fayirait ya kai 6.

Masu aikin kuza a ƙasar Jos suna da tasu matsalar. Baƙin yashi mai ƙarfe yana kama da kuza a ido. Ku kawo mayen ƙarfe kusa: mai ƙarfen zai manne, kuza ba za ta motsa ba.

Akwai wani da nake so ku riƙe da kyau, wato dutsen dalma, wanda ake kira galena. Ruwan toka ne mai ƙyalli, yana da nauyi, in ya fashe sai ya fita da kusurwoyi huɗu-huɗu kamar ƙwayar sukari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma, saboda ana kawo duwatsun zinare masu dalma cikin gida ana daka su a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Kada ku lasa dutse don gwaji, kada ku fasa shi a gida, ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci abinci.

Ɗaukar hoton

Ku goge ƙasar da ke jikin dutsen, ku bari ya bushe. Jiƙaƙƙen dutse yana fitowa da launin da ba nasa ba, kuma tura irin wannan hoto ga mai saye ha'inci ne. Ku shimfiɗa farar takarda a inuwa da hantsi, ku kashe fitilar waya, domin haskenta yana wanke launi. Ku ajiye tsinken ashana ko rula a gefe, don mai kallo ya san ko dutsen kamar ƙwayar gyaɗa yake ko kamar ƙwan kaza. Ku ɗauka ta sama, ku ɗauka ta gefe, sannan ku ɗauki wajen da ya fashe. In kun yi gwajin zane, tayil ɗin ma ya shiga hoto.

Rubuta takardar shaida

Nan ne karatunmu zai yi aiki. Mutane da yawa suna tura hoto, sannan su bi shi da saƙon murya. To in aka tura hoton gaba a WhatsApp, murya ta tsaya a baya, hoto ya tafi shi kaɗai, kowa ya laƙa masa sunan da ya ga dama. Maganin wannan shi ne a rubuta bayanin a guntun takarda da manyan baƙaƙe, a ajiye ta kusa da dutsen, a ɗauke su tare. Ga misali, mu karanta tare:

LAMBA: 4
SUNA: ana zaton fayirait ne
WURI: Bagega, Anka, Jihar Zamfara
RANA: 12 ga Maris
GWAJI: wuƙa ba ta shiga, zane baƙi

Ku lura da kalmar "ana zaton". In gwaji bai kai ku ga tabbaci ba, ita za ku rubuta, har sai masani ya duba. Babu abin kunya a ciki. Wuri kuma ku rubuta shi cikakke, domin masanin duwatsu yana fara tambayar inda aka haƙo kafin ya tambayi komai. Lambar da ke kan takarda ita za ku rubuta a jikin ledar da kuka ajiye dutsen, kowane dutse da ledarsa.

Aikin gida

Kowa ya samo duwatsu biyu da ba iri ɗaya ba. Ya gwada su da farce, da wuƙa, da tayil, ya rubuta wa kowanne takardarsa da hannunsa. Wanda ba shi da waya ya zo da duwatsun da takardun aji ranar darasi na gaba, za mu ɗauki hoton tare.