Kurakuran masu rubuta manhaja idan sun buɗe kamfani a Kano

Wanda ya fi cin mutane shi ne gini kafin tambaya. Matashi zai kulle kansa a ɗaki wata da watanni yana haɗa manhajar ƙirga kaya, sai ya gama sannan ya nufi Kantin Kwari neman mai saye. A can zai tarar Alhaji yana da littafinsa da yaransa, kuma ba ƙirgar dila ke hana shi barci ba. Bashin da ke hannun 'yan sari ne damuwarsa: wa ya biya, wa ya yi saura, wa ya daina ɗaga waya. Don haka kafin ka rubuta layi ɗaya, je ka wuni a shago. Duba wa ke riƙe biro, wa ke jiran alat. Galibi yaron shago ne zai riƙa danna manhajar, a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, da datar kwana ɗaya. In ba ta buɗe a hannunsa ba, aikinka bai yi ba.

Sai farashi. Nan Kano ne, dole a taya, kuma wanda ya faɗi kuɗinsa na ƙarshe tun farko bai bar wa kansa wurin cewa albarka ba. Mafi muni, da yawa kan yanke kuɗin gini kawai, su manta ana biyan saba, wato kwamfutar intanet da manhajar ke zaune a kanta, da dala duk wata. Tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a watan Yunin 2023, wannan mantuwa ta isa ta cinye riba har ta taɓa uwar kuɗi. Ka ware kuɗin kula na wata-wata daban, kada kuma ka kunna kwamfuta sai kafin alƙalami ya shigo.

Kunya ma tana kashe kamfani. “Haba ɗan'uwa, mu da kai har sai an yi takarda?” E, sai an yi. Addini ma cewa ya yi a rubuta bashi. A rubuta abin da za a gina, ranar miƙawa, da gyara nawa ne kyauta, in ba haka ba “ɗan ƙara mini wannan” ba ya ƙarewa. Haka da abokin da kuka fara tare: ku yanke kason kowa tun babu ko sisi, lokacin da maganar ba ta da zafi.

Rajista kuwa ba abin ɗagawa ba ce. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shi kaɗai. Da takardar za ka buɗe asusun kamfani, kuɗin aiki ya daina cakuɗuwa da na cefane. Mai son shaidar sabon kamfanin fasaha da ake samu ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, ƙarƙashin dokar sabbin kamfanonin fasaha ta 2022 ya lura: rajistar sunan kasuwanci ba ta wadatarwa, sai cikakken kamfani mai hannun jari.