Darasi na 9: Ranar sausaya da gyaran tumaki

Tumakin da muke kiwo a jihar Maradi, wato balami da uda da ara-ara, masu gajeren gashi ne. Da zafi ya shigo sukan kaɗe tsohon gashi da kansu, don haka ba a yi musu aski ƙwal. Masu ulu, waɗanda ake aske wa jiki duka, su ne irin kundum na bakin kogin Isa (wato kogin Neja) wajen Tillaberi. Abin da namu ke buƙata shi ne sausaya: a rage gashi inda ya dunƙule da ƙarangiya ko kashi, a gyara kofato, a yi wanka. Tunkiyar da gashinta ya ƙi kaɗewa ana iya rage mata na jiki duka, amma a duba lafiyarta, domin sau da yawa yunwa ce ko tsutsar ciki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, bayan hunturu ya wuce. In aka yi cikin sanyi dabba za ta kamu da mura, in kuma aka bari sai damina ƙuda zai sami kowane ɗan rauni ya zuba tsutsa.

Kayan aiki

Almakashi mai kaifi, ƙaramar wuƙa, dutsen washi, tamfol ko buhu na shimfiɗa, bokiti, sabulu, maganin aidin da ruwan gishiri. Ruwan gishirin: ƙaramin cokali 1 na gishiri cikin rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce. Mutum biyu ake so, mai riƙo da mai yanka.

Tun daren jiya kada a ba su dusa ko harawa, wajen awa 12 kafin aiki. Ruwa kam a bar musu. Tumbin da ya cika yana danne huhu idan aka zaunar da dabba, numfashi ya yi mata wuya. Jiki kuma ya kasance a bushe.

Yadda ake kamawa

Kada a ja tunkiya da gashi ko da kunne. Ka sa hannu ɗaya ƙarƙashin haɓa, ɗaya kan ɗuwawu, ka juya kanta zuwa kafaɗarta, ka danna ƙugu ƙasa. Za ta zauna kan gindinta, bayanta ya jingina da gwiwoyinka. A haka ba ta cika shure-shure ba. Kada ta wuce minti 15 a zaune. Mai tsohon ciki ba a zaunar da ita, a tsaye ake gyara ta, a hankali, don gudun ɓari.

Sausaya

A nan aka fi jawo wa dabba rauni, kuma dalilin ɗaya ne: mai yanka ya ɗaga gashi sama da yatsu don ya ji daɗin yankewa. Fata tana biyo gashin, sai almakashi ya tafi da ita. Ka kwantar da almakashin a jikin dabbar, ɗayan hannun ya miƙar da fatar ta yi sumul, ka yi ta yanka kaɗan-kaɗan. Fara daga ƙirji zuwa ciki. In ka iso hantsa, rufe kan nono da yatsunka. Ga rago, ka kiyaye mafitsara da marena. Hammata da matsematsi fatarsu sirirya ce mai naɗewa, sai an sassauta hannu. Ƙarƙashin wutsiya ka kwashe duk gashin da kashi ya manne wa, nan ne mazaunin ƙuda. Dunƙulen ƙarangiya ba a fizge shi, yanke shi ake yi daga ƙasa.

A ko'ina ka bar gashi kaurin yatsa ɗaya, kamar santimita 1. Ranar bazara tana ƙona fatar da aka tsiraita, musamman ta farar dabba irin balami.

In an yanke fata, a wanke da ruwan gishiri, a shafa aidin, a riƙa dubawa kullum har ya bushe. Kada a zuba ƙasa ko baƙin man mota. Yanka mai zurfi, ko na kan nono, aikin likitan dabbobi ne.

Masu lafiya ake fara yi. Mai ƙwarƙwata ko ƙazuwa ita ce ta ƙarshe, a tattara gashinta a ƙone. Bayan ta a jiƙa almakashi da wuƙa cikin ruwan jabel (bilic na wanki), awo 1 cikin awo 9 na ruwa, a ɗauraye, a goge, a shafa mai don tsatsa.

Kofato

Ragon turke ya fi kowa buƙatar wannan, tunda ba ya yawon da zai cinye kofaton. Gefen kofaton yakan yi tsawo ya lanƙwasa ciki, ya riƙe laka da kashi, ragon ya soma ɗingishi, cin abincinsa ya ragu. Ka ƙwaƙule dattin da tsinke, ka fere gefen siriri-siriri, bakin wuƙa na kallon waje. Da ka hango ja-ja a ƙarƙashi, tsaya, jini na kusa. Yatsun biyu su daidaita. Wari ko ruwa tsakanin yatsu alamar ciwon kofato ce: a ware dabbar a busasshen wuri a kira likita.

Wanka

Da hantsi ake yi, don jiki ya bushe kafin yamma. A shayar da su tukuna, kada ƙishirwa ta sa su lashi ruwan magani. Maganin kaska a saye shi a shagon magungunan dabbobi, a bi awon da ke jikin kwalba, a kare ido da baki. Maganin feshin wake ko na gero ba na dabba ba ne, yana kashe ta. In ragon layya ne, a tambayi likita kwana nawa za a jira bayan magani kafin yanka.

Aikin gida

Malam Issufu yana da tumaki 8, kowace tana cin minti 15. Awa nawa aikin zai ɗauka? Rubuta sunayen kayan aiki 5 a littafinka.