Kafin ku kai yaro rabin aji, ku leƙa ajin tukuna

Assalamu alaikum iyaye mata. Mu da ke ƙauyukan Ringim, mu daina auna rabin aji da yawan ABCD da yaro ya haddace. Tsakanin shekara 3 zuwa 5 ne yaro ya fi saurin koyon kame kansa: jiran layi, sauraron magana har ƙarshe, haɗiye fushi idan an karɓe masa abu.

Ku je da safe ku tsaya bakin taga. Idan yaro ya yi kuka, malama na durƙusawa ta tambaye shi damuwarsa, ko tsawa da bulala ne? Wanda tsoro ya zaunar, da malama ta juya baya zai miƙe. Ku duba ko ana wasanni masu ƙa'ida irin carafke, inda dole kowa ya jira a zo kansa. Yawan yaran ma abin dubawa ne, wallahi mace ɗaya ba ta iya lura da aji maƙil.

Sai fashin makaranta. Ranar kasuwa, biki, lokacin girbin gero, duk mukan bar su gida, tsarin da suka fara sabawa da shi ya wargaje. Nawa ɗan, ko an makara ina kai shi, bayan ya karya kumallo.